Ɗan Uwan Ciki da Ɗan Uwan Rami: Fim ɗin Tirailleurs a Idon Mazan Jiya

Ranar 4 ga Janairu 2023 aka fara nuna fim ɗin Tirailleurs a gidajen silima na Faransa. A ranar ce kuma aka sanar cewa tsoffin sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi, ƴan kaɗan ɗin da suka rage da rai a can, suna iya komawa gida su zauna ɗungurungum ba tare da an tsayar musu da kuɗin tallafin tsufa ba. Kafin nan sai mutum ya yi wata shida a Faransa kowace shekara, in ya kuskure a yanke. A lokacin, kuɗin Yuro 950 ne a wata, wato jikka 600 da ƴan kai a kuɗinmu na sefa. A ƙarshen Afrilu na shekarar, tsofaffi tara suka tattara komatsansu daga ƴan ɗakunan da suke ciki a Bondy, bayan garin Paris, suka sauka Dakar. Dukansu sun haura shekara 80, kuma yaƙin Indocin da na Aljeriya suka yi.

Tun daga nan duk wanda ya tashi yabon fim ɗin, da wannan yake farawa: ga fim da ya mayar da tsofaffi gida. To madalla. Sai dai ƙungiyoyi sun yi shekaru suna wannan fafutuka kafin a ɗauki kyamara, kuma ko da fim ɗin ne ya yi aikin, alherin da ya jawo daban, gaskiyar abin da ke cikinsa daban. Ni abin da ya dame ni shi ne zumuncin da ake cewa yana tsakanin sojoji. Kusan kowane fim na yaƙi a kansa yake tsayawa, kuma shi ne ke jan hankalin samari irinmu. A cikin masu karanta wannan ɗan littafi akwai waɗanda suka riga suka kai takardunsu na neman shiga soja, akwai masu yayye a Difa ko Tilaberi. Saboda haka tambayar ta shafe mu kai tsaye: zumuncin nan gaskiya ne, kuma haka kamanninsa suke?

Ban taɓa riƙe bindiga ba, don haka na kai fim ɗin gaban mutum uku da suka sa kaki. Na farko kawuna ne, sarzan mai ritaya, wanda ya ƙarasa aikinsa a yankin Difa lokacin hare-haren Boko Haram. Na biyu wani dattijo ne daga wajen Mayahi, muna ce masa Baba Lajidan. Yana cikin sojojin da Nijar ta tura Saudiyya lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991, daga baya ya yi arewa a shekarun tawaye. Na uku maƙwabcinmu ne da ya bar soja ba tare da ko igiya ɗaya ba, yanzu gadi yake yi. Mahaifinsa ya yi wa Faransa yaƙin Indocin. A zauren Kawu a Tasawa muka kalla, dare biyu, a kwamfutar wani abokina. Ni ke juya musu Faransancin zuwa Hausa, wani abokinmu Bafulatani kuma yana taimakawa, ko da yake ya ce Fulatancin Senigal ne, rabi yake kamawa.

Labarin a taƙaice

Mathieu Vadepied ne ya shirya fim ɗin, Omar Sy kuma ya fito a matsayin Bakary Diallo, makiyayi Bafulatani a wani ƙauye na Senigal a shekarar 1917. Ana farautar samari don kai su yaƙin Turai. Aka kama ɗansa Thierno, ɗan shekara 17. Sai uban ya kai kansa aka rubuta shi soja, ya ɓoye cewa shi ne mahaifin yaron, da niyyar ya sato shi su dawo gida. Ba su samu gudu ba har aka kai su fagen daga a Faransa. A can wani matashin laftanan, Chambreau, ɗan janar, ya ga yaron yana jin Faransanci kuma yana da zuciya, ya jawo shi jiki, ya ɗaga shi ya zama kaporal, sannan sarzan. Uban na neman hanyar tsira, ɗan na neman suna. A ƙarshe Bakary ya rasa ransa wajen ceton ɗansa, kuma fim ɗin ya rufe da nuna cewa watakila ƙasusuwansa ne ke kwance a kabarin nan na Paris da ake kira na sojan da ba a san ko wane ne ba.

Inda suka gyaɗa kai

Abin da ya fara ba ni mamaki, wuraren harbe-harbe ba su motsa su ba. Mu ne muke zabura in igwa ta tashi, su kuwa shayinsu suke kurɓa. Inda suka yi tsit shi ne wuraren da ba a yin komai: mutane zaune cikin rami da laka, sanyi na cin su, ana jiran umarnin da ba a san lokacin zuwansa ba. Kawu ya ce, “Wanga shi ne yaƙi. Kwana talatin kana jira, minti goma kana wuta. Jiran nan ke cinye mutum.” Ya yaba wa mai fim da bai cika shi da kiɗa da jarumtar banza ba, irin wadda mutum ɗaya ke share bataliya bai ko canza harsashi ba.

Na biyu, maganar harshe. Bakary ba ya jin Faransanci, kuma cikin baƙaƙen ma ba kowa ke jin yarensa ba. Ana ba da umarnin da rai ya rataya a kansa, shi sai kallon baki. Wannan gaskiyar tarihi ce. Sunan “ƴan Senigal” da aka laƙaba wa rundunar tun kafa ta a 1857, zamanin Gwamna Faidherbe, ya rufe mutanen ƙasashe da yawa, har da namu. Bambara, Mosi, Fulani, Zabarmawa, Hausawa, duk jar hula ɗaya aka kifa musu. A 1916 har ɗan littafi aka buga na gurguwar Faransancin da hafsoshi za su riƙa yi da su. Baba Lajidan ya ce ko a zamaninsu, yaro na zuwa daga ƙauye bai taka lakwal ba, a jefa shi cikin Faransancin bariki, in bai samu wani ya riƙa raɗa masa da Hausa ko Zabarmanci ba, ya shiga uku. “Mai raɗa maka ɗin nan,” in ji shi, “shi ne ɗan uwanka na farko.”

A nan na fahimci dalilin da ya sa yin fim ɗin da Fulatanci ya fi ƙarfin ado. Mai kallo Bafaranshe ne wannan karon ke karatun rubutu a ƙasan allo kafin ya gane abin da jarumi ke faɗi. An juya masa tabarma, ya ɗanɗani zama baƙo. Wannan na ba fim ɗin, ba tare da jayayya ba.

Inda Kawu ya ƙi

Gardama ta tashi ne a daren farko, kan ginshiƙin labarin kansa. Kawu ya ajiye kofi ya ce, “Uba ya bi ɗansa cikin wuta, wannan ai ba labari ba ne. Kaza ma tana yi in shirwa ta kawo hari. Labari shi ne mutumin da ba ka san garinsu ba, jiya ma kun yi faɗa kan sabulu, yau ya saɓa ka a kafaɗa ana ruwan harsashi. Shi munka zo gani, ba a nuna muna ba.”

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma ina ganin ita ce suka mafi nauyi da za a yi wa Tirailleurs. Mai fim yana son mai kallo ya ji zafin mutuwar baƙin soja, sai ya bi gajeriyar hanya, ya ɗaura labarin a kan jini. Kowa a duniya ya san ƙaunar uba da ɗa, ba sai an koya masa ba. Amma kuɗin da aka biya shi ne sauran sojojin sun zama inuwa. Gama kallo, ka tambayi kanka sunan mutum nawa ka riƙe ban da uban da ɗan da laftanan. Kimanin mutum 200,000 aka kwasa daga Afirka ta baƙar fata a wancan yaƙi, wajen 30,000 ba su dawo ba. Kusan dukansu babu wani uba da ya bi su. Abin da ya riƙe su, in akwai, shi ne na kusa da su a rami. Fim mai ɗauke da sunan rundunar gaba ɗaya ya kamata ya tsaya a kan wannan, sai ya koma labarin gida ɗaya.

Baba Lajidan bai bi bayan Kawu duka ba. Shi abin da ya burge shi, fim ɗin bai mayar da baƙaƙen sojoji waliyyai ba. An nuna suna cutar juna, mai ƙarfi na danne marar ƙarfi, kuɗi na raba su. Ya ce, “Bariki ba masallaci ba ne. Wanda ya ce maka daga sa kaki kun zama ƴan uwa, ƙarya shikai. Akwai wanda zai mutu dominka, akwai wanda zai sace takalminka kana barci, kuma wani lokaci mutum ɗaya ne.” Aka yi dariya, amma Kawu bai musa ba. Da na haɗa maganganun biyu sai na ga abu guda suke faɗi ta fuska biyu. Zumuncin soja abu ne da ake ginawa a hankali, da rabon ruwa, da gadi a madadin wanda zazzaɓi ya kayar, da rufin asirin wanda ya firgita. Fim ɗin ya nuna ƙasar da ake ginin a kai, da ƙayoyinta, amma ginin kansa bai nuna ba.

Igiya a hannun ɗa

Wurin da na fi so a fim ɗin, kuma su ukun suka yarda ya fi ko'ina gaskiya, shi ne lokacin da Thierno ya samu muƙami, ya zama shi ke ba mahaifinsa umarni. A gidan Bafulatani ko na Bahaushe, ɗa ko ido ba ya haɗawa da uba. Ga shi yanzu uban ne zai ƙame a gabansa. Omar Sy ya yi wasan nan da fuska kawai, ba hayaniya, kana ganin mutum yana kallon ɗansa ana ƙwace masa shi da rana tsaka, ba da bulala ba wannan karon, da yabo.

Baba Lajidan ya ce soja gida ne mai kishi, ba ya son ka da wani uba sai shi. Ya ce ya ga yara da yawa da igiya ɗaya ta canza musu tafiya. Shi kuma Chambreau, ya ce, irinsa ya fi mugun hafsa haɗari: yana zama da ku, yana cewa duk ɗaya kuke a gaban mutuwa, kuma har zuciyarsa ya yarda da abin da yake faɗi, amma tudun da yake son ku kama, don idon mahaifinsa janar yake son kama shi.

A nan fim ɗin ya taɓo abin da ya kamata kowane saurayi ya riƙe. Zumunci iri biyu ne a soja. Akwai wanda ƙananan sojoji ke ƙullawa tsakaninsu, ba wanda ya umarce su. Akwai kuma wanda ake shelarsa daga sama lokacin da ake bukatar jini. Tarihin rundunar nan cike yake da na biyun. Mangin ya buga littafinsa a 1910 yana cewa Afirka rumbun sojoji ce, kuma a Afrilu 1917 aka tura dubban baƙaƙe cikin sanyi a farmakin Chemin des Dames, aka yi asara mai yawa. A 1918 Blaise Diagne, baƙin ɗan majalisa daga Senigal, ya zaga Afirka ta Yamma da alkawuran daraja da ƴanci, ya tara mutum sama da 60,000. Akwai ma Bakary Diallo na gaskiya, makiyayi Bafulatani da aka ji wa rauni a wancan yaƙi, wanda ya wallafa littafi a 1926 yana yabon kirkin Faransa. Alkawarin ya shiga zuciyar mutane sosai.

To me ya biyo baya? Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus suka nemi haƙƙinsu, aka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce 35 suka mutu, masana tarihi da yawa sun ce adadin ya wuce haka nesa. Sai a Nuwamba 2024 shugaban Faransa ya kira abin da sunansa, kisan kiyashi. A Disamba 1959 aka yi dokar da ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da ke shirin samun ƴanci: na Bafaranshe na hawa kowace shekara, na abokin raminsa na tsaye wuri ɗaya. Sai da wani tsohon sarzan ɗan Senigal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotu ta ba shi gaskiya a 2001, lokacin ya riga ya rasu. Sai da fim ɗin Indigènes ya fito a 2006 kafin Shugaba Chirac ya daidaita wani sashe, sauran kuma sai 2011. Wanda ya san wannan jerin, in ya ji laftanan na cewa “duk ɗaya muke”, ya san inda maganar za ta ƙare.

Kabari marar suna

Maƙwabcinmu mai gadi bai cika magana ba. Dare biyu yana jingine da bango. Sai da aka zo ƙarshe, na bayyana musu cewa ana nufin watakila Bakary ne a kabarin Paris, sannan ya buɗe baki. Ya tambaye ni, “An yi mishi wanka? An yi mishi salla?” Na ce a'a. “An gaya ma matarshi?” Na ce a'a. Ya ce, “To mi anka ba shi?”

Ga yadda abin ya faru a tarihi. Ranar 10 ga Nuwamba 1920, a Verdun, aka jera akwatuna takwas na sojojin da ba a gane su ba, wani matashin soja ya zaɓi ɗaya, aka kai shi Paris, aka binne a ƙarƙashin babbar ƙofar nasara a Janairu 1921. Mai fim ya ɗauki wannan ya ce wa Faransawa, wa ya sani, watakila baƙi ne kuke yi wa fure duk shekarun nan. Ga mai kallo a Paris wannan mari ne mai kyau, kuma na gane amfaninsa. Amma daga zauren Tasawa abin ya zo da wata fuska. Mutumin da ya kwashe fim ɗin gaba ɗaya yana ƙoƙarin kuɓutar da ɗansa daga wannan yaƙi, wanda bai taɓa cewa yaƙin nasa ne ba, an ƙare an mai da shi tutar ƙasar da ta kamo shi. Da ransa ya ƙi, da ya mutu aka sa shi dole. Ana kiran wannan girmamawa, ni kuwa ina ganin kamu na biyu ne. Ƙarshen ya share wa Faransa hawaye fiye da yadda ya share wa ƙauyen Bakary.

Kafin mu ɗora wa wasu laifi duka, mu dubi kanmu. A Tongo Tongo, ranar 4 ga Oktoba 2017, an kashe sojojin Amurka huɗu tare da sojojin Nijar. Sunayen Amurkawan da hotunansu sun zaga duniya. Namu fa? A Inates, 10 ga Disamba 2019, sojojinmu 71 suka faɗi. Wata guda bayan nan, 9 ga Janairu 2020, a Shinagodar, 89. An yi zaman makoki, an sauke tuta. Cikinmu nan, mu da muke rubuce-rubuce, wa zai iya kawo sunan uku daga ciki, da garuruwansu? Sojan da ba a san ko wane ne ba yana nan kusa da mu, ba sai an je Paris ba.

Abin da ke Maijirgi

Akwai inda na saɓa da dattawan, kuma na faɗa musu cikin ladabi. Da na fara kawo wata suka, Kawu ya ce, “Kai ɗan lakwal, wanda bai ji ƙarar harsashi a kunnenshi ba, ya ja bakinshi.” Na ce, “Kawu, gaskiya ne a kan abin da ke cikin rami, ku ne shaida. Amma yaƙi na da wasu shaidu, waɗanda sojoji suka ratsa ta garinsu.”

Mu mutanen wannan yanki ba za mu kalli jar hular nan da ido ɗaya ba. A 1899 ayarin Voulet da Chanoine ya keto ƙasar Hausa daga yamma, ya yi Lugu inda Sarauniya Mangu ta tsaya musu, ya ƙone Birnin Ƙonni, ya iso ƙasar Tasawa yana barin toka da gawa a bayansa. Turawan da ke ayarin ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Hannuwan da suka riƙe bindigogin na baƙaƙe ne, irin su Bakary da Thierno. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojin suka juya wa shugabanninsu, suka kashe Chanoine, suka kashe Voulet. Kaburburansu na Maijirgi, kan hanyar Damagaram, duk mun sha wucewa ta wurin. Sannan wannan runduna ɗaya ta ci gaba ta ci Damagaram a ƙarshen watan. A 1917 ma, shekarar da aka ɗora labarin fim ɗin, irin waɗannan sojoji aka tura Agadas don karya Kawusan, kuma abin da ya biyo baya a garin har malamai bai bari ba.

Waɗancan sojojin na Voulet ai suna da zumunci tsakaninsu. Da shi suka ƙone garuruwa tare, da shi kuma suka haɗa kai suka kawar da azzaluman. Ke nan zumuncin soja kaɗai ba ya gaya maka ko aikin da ake yi na kirki ne. Yana iya zama garkuwar talaka, yana iya zama bargon rufe ɓarna, in kowa ya ce ba zai tona ɗan uwansa ba. Tirailleurs ya nuna baƙin soja a matsayin wanda aka zalunta, kuma haka ne. Bai tsaya a kan cewa hannun da ke kamo samari a ƙauyuka, da wanda ya ci ƙasashenmu tun farko, daga wannan runduna yake ba. Baba Lajidan ya yi shiru, can ya ce, “Yaron na da gaskiya. Ranar da ta fi yi mini nauyi a aiki, ba ranar da anka harbe mu ba ce.” Bai ƙara ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Inda fim ya tsaya, nan Ganda ya fara

Matar Kawu, da ke jin mu daga tsakar gida, ita ta kawo suka ta ƙarshe. Ta ce duk finafinan nan da an daina harbi sai su ƙare, alhali a wurinta ranar da ya dawo aka fara: rashin barci, firgita in ƙofa ta bugu, fushi ba dalili, da zirga-zirgar takardu daga wannan ofis zuwa wancan.

Abin sha'awa, wani ɗan ƙasarmu ya riga ya yi wannan fim tun kafin a haifi iyayen wasunmu. Oumarou Ganda, haifaffen Yamai a 1935, ya shiga sojan Faransa yana matashi, aka kai shi Indocin. Bayan ya dawo ya tafi Abijan neman abinci, inda ya haɗu da Jean Rouch ya fito a fim ɗinsa. Daga baya ya shirya nasa, Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Cannes a 1969, kuma shi da kansa ya hau matsayin jarumin. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indocin da kuɗi a aljihu, abokai da ƴan mata suka yi masa caa, yana ba su labarin yaƙi suna tafi. Da kuɗin suka ƙare aka watse aka bar shi, ba aiki, ba daraja. Fim ne baƙi da fari, bai kai awa guda ba, da ƙaramin jari aka yi shi. Amma tsohon soja ne ya yi shi da hannunsa, kuma tambayar da ya yi ita ce wadda manyan finafinai ke gudu: bayan an tuɓe kaki, ina zumuncin yake? Maƙwabcinmu ya ce labarin mahaifinsa ke nan, ba ragi. Sunan Ganda na kan babbar cibiyar al'adu a Yamai, ana ba da kyauta da sunansa a bikin FESPACO na Wagadugu, amma ɗalibai nawa ne cikinmu suka taɓa ganin fim ɗin?

Hukuncina

Tirailleurs fim ne da ya cancanci kallo. Ya yi gaskiya a kan jira, a kan harshe, a kan yadda muƙami ke raba ɗa da uba, kuma wasan Omar Sy da na Alassane Diong, wanda ya fito a Thierno, sun riƙe shi har ƙarshe. Rauninsa uku ne: ya sa jini a gurbin zumuncin rami, ya rufe da kabarin da ya fi amfanar mai binnewa, kuma ya tsaya kafin a dawo gida. Fim ne da aka yi don Faransa ta tuna, kuma ya yi wannan aiki. Wanda za a yi don mu mu tuna, ba a yi shi ba tukuna, kuma ba Paris za ta yi mana ba.

Shawarata ga ƴan uwa: ku kalle shi, amma kada ku kalla ku kaɗai a waya. Ku nemi tsohon soja na unguwarku, ku dafa masa shayi, ku zauna kusa da shi, ku lura da inda yake shiru. Masu niyyar shiga soja musamman, ku tambaye shi abin da takardar ɗaukar aiki ba ta faɗa ba. Mu kuma masu alƙalami, kowace unguwa a Tasawa da Mayahi tana da mazan jiya, kuma kullum raguwa suke. Mu ɗauki littafi da biro mu je, da izininsu. Kada mu fara da tambayar mutum nawa ya harbe, ba sa son ta. Mu tambaye shi wa ya taɓa ɗaukarsa a kafaɗa, ɗan wane gari ne, yana raye ko ya rasu, wa ke kula da ƴaƴansa. Mu rubuta sunan daidai. In Allah ya yarda, fitowa ta gaba ta wannan ɗan littafi za ta iya ɗaukar irin waɗannan labarai biyar, kuma masu shirya fim na Maraɗi da Damagaram da Kano za su samu abin da za su gina a kai.